Shekarar Da Burduddugi Suka Yi Shiru

A ƙauyenmu, wanda ke kwance tsakanin jigayi biyu a kan hanyar Dungas zuwa Guci, in ka ce kana neman Ƙande sai an tambaye ka wacce, don akwai Ƙande mai ƙosai, akwai Ƙande matar wanzami. Amma in ka ce Uwar Kwaɗi, ko ɗan yaye zai ja ka har ƙofar gidanmu. Kakata ce, ita ta haifi babana, mu a gida Iya muke ce mata. Sunan tsokanar nan bai taɓa ɓata mata rai ba. In yara suka biyo ta suna rera shi, sai ta juyo ta ƙare musu kallo ta ce, "To ai ku ma nawa ne. Ga idanu nan tulu-tulu, ga baki har kunne."

Gajera ce, siririya, haƙoranta jawur da fure da goro. Sana'arta saƙar tabarma da faifai, shi ya sa kullum tana bakin tafkin da ke kudu da gari, inda goruba ta yi yawa, tana yankar kaba. Sauran mata su yanki kabarsu su ɗaure su komo gida. Iya kuwa sai ta ajiye wuƙa ta tsuguna, ta zuba wa wani rami ido har rana ta take. Ba bori take yi ba, ba ta haɗa magani, ko ɓawon kunkuru ba ta taɓa sayar wa kowa ba. Kallo ne kawai, kuma tun tana yarinya tana kiwon awakin ubanta take yinsa.

Ni Laraba, a ɗakinta aka yaye ni, a nan kuma na girma, zamanin da Nasara ke mulki, babbar motar gyaɗa da ake ce wa kamyon na wucewa jefi-jefi ana fita kallonsa. Da safe, kafin dabbobi su tattake yashi, Iya kan tsaya ta gaya maka wanda ya kwana yana yawo. Wannan dogon layin mai sawu hagu da dama, jelar damo ce, ya koma tsohon shurin da ke bayan maƙabarta. Wannan da ya yi kamar an ja akushi a ƙasa, kunkuru ne. Waɗannan gajerun zane a karkace kuwa, ja da baya, kububuwa ce, ba a wasa da ita. Ta san sabarar da hawainiya ke kwana a kai, ta san katangar da jan gwada ya mallaka har yake korar 'yan uwansa. Mutane na cewa tsaka guba ce, a kashe ta. Iya ta ce ita dai tsaka ba ta taɓa kashe kowa a gabanta ba sai sauro.

A gindin randarmu akwai wani kwaɗo da ke shan sanyin yashi duk tsawon rani. Ranar da na kai masa tsintsiya, na sha rankwashi. "Bar mini baƙona," in ji Iya. "Ya fi ki kunya, Laraba. Tunda ya sauka a gidan nan bai taɓa sa mini baki a magana ba." Wasu sun kai ƙararta gun liman, wai abin nata ya fara kama da na masu iskoki. Liman ya ce kukan kwaɗo tasbihi ne, wanda ya zauna yana saurare bai yi asara ba. Daga nan bakin mutane ya mutu, sai dai tsokana.

Duk cikin halittun nan, wanda ya fi kwanta mata a rai shi ne burduddugi, ƙaton kwaɗon nan mai koren baya da rawayan maƙogwaro, wanda babbansa kan cika tafin hannu biyu. In ruwan tafki ya ja baya da kaka, sai ya tona ƙasa da ƙafafun baya ya nutse can ciki, ya lulluɓe jikinsa da wata fata kamar ɓawon albasa, ya kwanta har wata damina. Iya ta taɓa tono ɗaya da rani don ta gani da idonta, ta duba shi, ta mayar ta rufe, ta kuma ba shi haƙuri. Ƙananan kwaɗi, in ji ta, 'yan surutu ne, ko fitsarin jaki suka ji sai su hau kuka. Burduddugi kuwa ba ya tashi sai ruwa ya ratsa ƙasa ya iske shi a makwancinsa. Ran da ya fito, da rana tsaka za ka ji shi, murya ƙasa-ƙasa kamar saniya na kiran maraƙinta daga nesa. Ranar ce Iya ke buɗe iri, kafin nan ko sama za ta faɗo ba ta shuka.

An sha ganin amfanin haka. Akwai shekarun da gari ya ruga shuka a kan ruwan farko, rana ta dawo ta soye tsiron, aka koma neman iri gida-gida, ita kuwa nata na nan a tulu. Shi ya sa ko masu yi mata dariya, in hadari ya zuba, sai ka ga sun ratso ta ƙofar gidanmu wai gaisuwa, alhali so suke su ga ko Uwar Kwaɗi ta fito da sungumi. Wasu na cin burduddugi, a kasuwar Dungas ma akan ga kyafaffensa a tsire. A gidanmu dai doka ce, ba a kama shi, ba a ɗora shi a wuta. Iya kan ce ba a cin mai shela.

Akwai kuma abin da take so ta goranta wa maza da shi. Uban burduddugi ne ke tsaron 'ya'ya, waɗannan baƙaƙen masu kai da wutsiya kawai. In saniya ta matso sai ya yi tsalle ya kai mata cizo. In kududdufin da suke ciki ya fara ƙafewa, sai ya juya baya ya yi ta tunkuɗa laka har ya buɗe musu 'yar hanya zuwa babban ruwa. In ta wuce majalisar maza a gindin gawo takan ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Mai son ganin yadda ake uba ya je tafki."

Babana sunansa Ɗalha, Allah ya jiƙansa, shi ne ɗanta na fari. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A lokacin, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu, shi kuma ba ya taka ɗakinta. Iya ta riƙe wannan kunya da haƙora. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", in da uwata Saratu take magana ta ce "mutumin naki". Uwata ba ta faɗin sunan miji, ƙanwarsa Gwaggo Indo na ce masa Yaya, mu muna cewa Baba. Mutum da sunansa mai daɗi, amma a cikin gidansa ba mai taɓa shi.

Kada a ɗauka ba ta son sa. Gwaggo Indo ta gaya mini, suna yara, in Iya ta tafi da ita tafki, shi kan biyo su daga nesa yana yi kamar harbin tsuntsu ya fito. Iya ba ta waiwaya, amma sai muryarta ta ƙaru. "Indo, kin ga gindin tsofaffin kalgon can na gabas? Nan suke kwana. Kin ga inda ƙasa ta ɗan lotsa kamar an danna gwiwa? Akwai ɗaya a ƙarƙashi." Indo na kusa da ita ƙafa da ƙafa, ba kurma ba ce. Wanda ake koya wa yana bayan goruba.

Abin da ya sa na nemi jin labarin da zan faɗa, wani abu ne da na tashi ina gani kowace damina. In an yi kwanaki ba ruwa, kududdufai suka fara janyewa, sai babana, mutum mai gemu wanda ba ya dariya a banza, ya ɗauki masaki ya bi su ɗaya-ɗaya yana kwashe 'ya'yan kwaɗin da suka maƙale. Ya ɗora a ka, ya nufi tafki. Iya na biye da shi a baya da sandarta, ba mai ce wa wani uffan. Samari na ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa. Da na yi wayo abin ya riƙa ba ni kunya, na tambayi uwata me ya kai Baba wannan aikin yara. Ta ce in zauna. Abin da ta faɗa mini, da wanda Gwaggo Indo ta cika daga baya, shi ne wannan.

Shekarar da fara ta sauka ta cinye gero yana tsaye, ba a haife ni ba, uwata amarya ce a gidan. Kakana ya riga ya rasu. Abin da ya bari mai daraja shi ne irin geronsa, wani mai doguwar zangarniya da ya zo da shi daga garin iyayensa, ya yi shekaru yana zaɓen kawunansa da hannu. Ɗan abin da fara ta rage, Iya ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu, ta yaɓe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Rani ya yi tsanani. Aka ci tafasa, aka ci ƙwallon goruba, aka kai ga sussukar ƙarangiya. Uwata ta ce akwai ranar da ta tsaya tana kallon gadon nan har hawaye ya zubo mata. Iya ta ce, "Kalli wani wurin, 'yar nan. Wannan ba abinci ba ne, shekara mai zuwa ce a ciki." Iri ɗaya ke gare su, shuka ɗaya. In ta lalace, babu na biyu.

A cikin wannan ranin ne aka ce za a gina wa kumandan, Baturen mulkin ƙasarmu, masauki a bakin hanya, inda zai riƙa sauka in ya fito rangadi. Ƙasarmu yashi ce, lakar tubali sai a tafkinmu. Aka tattaro maza daga ƙauyuka, har daga wajen Sassumbrum, aikin dole, kowa da guzurinsa. Wane guzuri a shekarar fara? Aka sa su haƙar laka a gefen arewa, dogarai na tsaye a kansu da bulala. Babana na cikinsu. Uwata ta ce a lokacin ne ta fara jin ana ƙwala sunansa da ƙarfi, daga bakin dogari, kowace safiya. Mata suka ƙaurace wa tafki gaba ɗaya, har Iya, wadda tun da ta zo garin ba ta taɓa yin nisa da shi haka ba. Da aka gama aka sallami mutane, ta je ta duba. Arewa duk ramuka, amma gindin kalgo na gabas lafiya lau, iska ta share yashi sumul. Ta dawo da farin ciki. Babana kuwa ya fito daga aikin nan kamar kara, kuma maganarsa, wadda dama ba yawa, ta ƙara raguwa.

Bazara ta wuce, hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan farko. Ƙananan kwaɗi suka cika gari da kuka. Iya ta je tafki ta dawo, ba ta taɓa tulu ba, kowa ya san ma'anar haka. Aka sake yin wani ruwan, mai ƙarfi, wanda ya kwana yana zuba. Maza suka tona gona da hannu har gwiwar hannu, laima ce. Gari ya fita shuka, maza na sara da sungumi, mata na bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gonarmu kaɗai ke kwance.

Babana ya aiki uwata. Ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta ce, "Iya, wai ya ce a gaya miki laima ta haɗe. Ko za a buɗe tulu?"

Iya na saƙar faifai, ba ta ɗago ba. "Gaya wa mutumin naki, masu tafki ba su yi magana ba."

Uwata ta kai saƙo. Ya ce, "Koma ki ce mata, wataƙila bana ba za su yi ba."

"Tun kafin a haife shi suke yi," in ji Iya. "In sun yi shiru, akwai abin da suka sani. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ruwan zai ɗauke, ku zuba ido."

Ni jikarta ce, ina son ta har gobe, amma gaskiya ɗaya ce: Iya na da taurin kai irin na jakin da ya ga rijiya. Ruwa bai ɗauke ba. Shekara ce mai albarka, irin wadda Allah kan aiko bayan wuya. Geron maƙwabta ya tsiro, ya rufe ƙasa, aka shiga noman farko. Mai gari ya aiko, liman ya zo da kansa, ta gaishe su da ladabi ta yi kunnen uwar shegu da maganarsu. Kullum da hantsi tana gindin kalgo, tsugune, kunne a buɗe. Tafki ya cika har ya taɓo saiwoyi. Ta ga ƙananan kwaɗi iri-iri, ta ga kunkurun ruwa, ta ga guza na iyo da kai a sama. Wanda take jira ne kawai babu. Maimakon shirun ya sa ta shakka, sai ya ƙara tsorata ta. A ganinta wani fari ne babba ke tafe, wanda zai ƙone gonakin gari duka, ya zama tulunta ne kaɗai zai ceci mutane.

Babana ya shiga uku. Tulun na ɗakin da ba ya shiga. Matar da ke riƙe da shi, ba ya iya zama gabanta ya yi mata doguwar magana. Ya koma yin ƙwadago a gonakin mutane don a sami abin sa wa a baki, ya dawo ya wuce ta gefen tasa gonar, ciyawa na cin ta. Ya yi ta aika uwata da hannunka-mai-sanda, har ta gaji ta ce masa, "Wai me ka sani ne da ba ka faɗa?" Ya tashi ya bar mata wurin. Uwata ta ce a ranta ta zarge shi da rashin zuciya, ta ce wane irin namiji ne zai zuba ido shekara ta wuce shi saboda kwaɗo.

Ranar wata kasuwar Dungas, Gwaggo Indo, wadda ke aure a cikin gari, ta bi Iya tafki don ta sake roƙonta. Suna nan sai ga wani baƙo ya ratso daga hanya, dogo, da 'yar ƙwarya a hannu an rufe da ganye. Ya yi sallama ya ce sunansa Ɗanasabe, daga wajen Sassumbrum, an ce masa a nan zai sami tsohuwar.

"Iya, ke ce kika haifi Ɗalha?"

Iya ta kau da kai, kamar yadda uwa ke yi in an ambaci ɗan fari. Indo ta amsa mata, "Ita ce."

Mutumin ya zube a ƙasa ya ajiye ƙwaryar a gabanta, ƙwan zabi ne a ciki. "Ba yawa, Iya, a yi haƙuri. Tun da aka sallame mu nake son in zo. Allah shi yi wa ɗanki albarka, Allah shi ba shi masu yi mishi. Wallahi ba don shi ba, da wasunmu a bakin tafkin ga za a bizne su."

Iya ba ta juyo ba, amma Indo ta ce ta ga hannunta ya tsaya a kan sanda.

"Guzuri ya ƙare muna tun aikin bai yi rabi ba," in ji Ɗanasabe. "Mutum shi ɗaga tubali shi faɗi tare da shi. Akwai wani dattijo na garinmu, ya kwanta, ko ƙuda ba ya iya korewa. Rannan dogarai sun tafi cin abinci, sai ɗanki ya ce mu biyo shi. Ya kawo mu nan, daidai inda kike zaune. Ya duba ƙasa, ya ce a tona nan. Muka tona, sai ga burduddugi, ƙato, a naɗe cikin fatarshi. Ya ce a tona can. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba, Iya, kamar shi ya ajiye su. Kullum muna zuwa, muna gasawa a ɓoye, har muka bi gindin itatuwan ga kaf. In mun gama shi ke tsayawa shi mayar da ƙasa, shi share da reshe. Dattijon nan yana nan da ranshi, shi ya ce in gaishe ki."

Mutumin na ta zuba godiya, bai san abin da ya zo da shi ba. Indo ta ce ita dai ta kasa kallon uwarta. Can Iya ta ce, "Madalla. Ka gai da dattijon. Indo, karɓi ƙwan." Da baƙon ya tafi, ta dafa sanda ta miƙe, ta dubi gindin kalgon nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe kufai nake ta yi wa sallama."

Da ta iso gida ta shiga ɗaki, ta jawo tulun, ta fasa yaɓen da dutsen niƙa, ta turo shi ƙofa. "Saratu, gaya wa mutumin naki gobe shuka." Indo ce ta ja uwata gefe ta gaya mata, uwata kuma ta gaya masa cewa Iya ta ji. Ya ce, "To." Washegari suka fita su uku, yana sara, suna binsa, a gonar da sai da aka fara nome ciyawa kafin a sami wurin jefa iri. Geron maƙwabta a lokacin ya kai gwiwa.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kowa ya san haka, kuma ba wanda ya ji labarin ya ga laifin babana. Shi ne bai yafe wa kansa ba. Ya san da wace murya aka koya masa wurin nan, ya san kuma wadda ta ɗaga muryar. Ya yi ta fatan ko ɗaya ya tsira ya yi kuka, a wuce wurin ba tare da an tona ba. Duk sauran daminar yana jiran faɗa. Da ta zage shi ta bakin uwata, ko ta aiko Indo da baƙar magana, da ya sami sauƙi. Faɗan bai zo ba. Iya ta daina zuwa tafki, ta zauna tana saƙa, in ya shigo gida ta bi shi da ido ta gefen mayafi, shi ke nan.

Geron ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya yi kara, ya fitar da kai, sai ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa, ya bar shi da ido bai cika ba. Mutane na ɗaure damuna suna cika rumbu, mu abin da aka samu jaki ɗaya ya kwaso shi, rabi ƙaiƙayi. Ba a sami zangarniyar da za a ajiye don iri ba. Geron kakana a wannan shekara ya ƙare, ban taɓa ganinsa ba sai a bakin uwata. Ranin da ya biyo baya, dangin uwata na Ɓaɓura, can ƙetaren iyaka inda Ingilishi ke mulki, su suka riƙe gidan. Daminar da ta zagayo kuma, babana ya bi Iya har wani tafki na wajen Guci, suka ɗebo 'ya'yan burduddugi a masaki suka zuba a namu. Sai da aka yi shekaru kafin a sake jin muryarsu a gindin kalgo. Ɗaukar masakin da na tashi ina gani, daga nan ta samo asali.

Amma abin da uwata ta fi so ta ba ni labari, ranar da aka kawo geron nan gida ne. Da la'asar ce. Babana ya sauke kayan a tsakar gida, ya kore jakin, ya tsaya yana kallon ɗan tulin. Sai ya taka har ƙofar ɗakin Iya, abin da ba ya yi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Uwata na bakin murhu, Indo na tsaye da tsintsiya.

"Iya," in ji shi. "Ni ne. Ni na kai su."

Sai aka ji motsin tabarma, Iya ta fito ta tsaya a kansa. Uwata ta ce a ranta yau za a yi ta.

"Ɗalha."

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Indo. Shi kansa sai da ya ɗago, kamar bai gane wa ake kira ba.

"Ɗalha, abu ɗaya nake ta son in tambaya tun rannan, na rasa wanda zan aika. Baƙon ya ce sun ci, sun tashi. Kai fa? Ka ci kuwa?"

Ya girgiza kai. "Ban iya ba, Iya."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Nan ne fa ta fashe. Uwata ta ce tunda take ba ta taɓa ganin hawayen Iya ba sai ranar, ba ta yi wa fara kuka ba, ba ta yi wa iri ba. "Amma dai an yi sakarai!" in ji ta. "Ina kallonka kana shigowa kamar kara, ina cewa aiki ne. Ka tone su kaf, ka ciyar da 'ya'yan wasu, nawa ya kwana da yunwa? Don wa na ɗaga murya a bakin tafkin, don Indo?"

Ta share fuska da gefen zane, ta je kan ɗan tulin geron ta tsugunna, ta yi ta juya shi har ta zaɓo zangarniyar da ta fi sauran ido. Ta ture uwata daga bakin murhu, ta gasa ta da kanta, ta murje a tafin hannu, ta hure. Sa'an nan ta kamo hannunsa ta zuba masa tumun a ciki, ta tsaya a kansa har ya cinye.

Daga ranar ta koma "wancan" da "mutumin naki", har Allah ya karɓi ranta ina budurwa, ba a sake jin sunan a bakinta ba. Babana ya tsufa ya yi furfura, kuma in aka gasa tumu da kaka ba ya ci a cikin mutane. Yakan karɓi nasa a hannu ya shiga ɗaki.